Hoton Ƙaramar Tasha: Jirgin Ƙasa da Ƙasar Rano

A Ingila da Amurka masu zane suna da wata al'ada daɗaɗɗiya. Mutum yakan ɗauki takarda mai kauri da burushi da ɗan akwatin fentin ruwa, ya tafi tashar jirgin ƙasa ta garinsu, ya sami inuwa ya zauna, ya zana ginin da rufinsa da tankin ruwa da masu jiran jirgi. Galibi mai zanen ba wani shahararre ba ne, sunansa bai wuce lardinsu ba, hoton kuwa a ɗakin karatu na gari ko zauren majalisa ake rataye shi. Amma in shekara hamsin ta wuce, jirgi ya daina tsayawa, aka kwashe kwanon rufin, sai ya zama wannan 'yar takarda ita ce shaidar da ta saura, har masu binciken tarihi su riƙa zuwa suna duba ta.

Abin da za a duba a nan shi ne yadda wannan al'amari yake a kudancin ƙasar Kano, musamman Rano da Kibiya. Dogo bai ratsa Rano ba, bai kuwa ratsa Kibiya ba. Ya bi ta yamma da su ne, ta Ɗangora da Madobi da Calawa, ya shiga birni. Duk da haka, cikin shekarun mulkin Turawa, kaɗan ne daga cikin abubuwan da suka sauya zaman manomin Rano kamar yadda waɗannan ƙananan tashoshi suka sauya shi. Hotunan da suka shahara na wancan zamani kuwa, wajen birni da dalar gyaɗa suka fuskanta. Wanda ke son ganin kamannin ƙaramar tasha, sai ya neme su a cikin waƙa da kalmomin da harshe ya ara.

Rano kafin zuwan dogo

Rano tana cikin Hausa Bakwai, tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Biram, sarkinta kuwa ana yi masa kirari da Autan Bawo. A labarin da aka gada, an rarraba wa 'ya'yan Bawo ayyuka: Gobir yaƙi, Zazzau bayi, Katsina da Daura kasuwa, Kano da Rano kuwa baba, watau rini da abin da ya danganci tufa. Ko ba a ɗauki labarin Bayajida a matsayin tarihi tsantsa ba, wannan rabo yana nuna abin da mutanen dā suka san kowace ƙasa da shi. Ƙasar da ke kudu da birnin Kano ta fi ta arewa samun ruwan sama, tana fid da auduga da baba da dawa, ga masaƙa, ga marina. Baƙin yadin Kura mai ƙyalli har cikin Sahara ake kai shi, Buzaye suna naɗa shi rawani.

Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Yaji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga mazauninsa. Sannu a hankali Rano ta koma ƙarƙashin Kano, amma sarautarta ba ta mutu ba, ko bayan jihadi ta ci gaba da zama ɗaya daga cikin manyan sarautun ƙasar. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wannan yanki ya sha hare-haren Ningawa, shi ya sa garuruwansa suka dogara ga ganuwa da duwatsu. Kibiya, wadda ke gabas da Rano, ta fi kusa da bakin wannan daga.

Fatauci a lokacin nan da ƙafa ake yinsa, da jaki da takarkari da raƙumi. Ayari yakan yi tafiyar wuni ya sauka a zango, kowane zango kuwa yana da masu masauki da masu tuwo da mahauta da dillalai. Saboda haka arzikin hanya yakan bazu cikin garuruwa da yawa, ba ya taruwa wuri guda. Wannan tsari ne dogo ya zo ya tarar.

Yadda dogo ya bi ta yamma

Sojan Ingilishi sun taso daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903, suka fasa Bebeji, suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Bayan Gwamna Lugga ya sauka, sai aka kawo Sir Percy Girouard a 1907, mutumin Kanada, injiniyan soja wanda ya riga ya shimfiɗa dogo a ƙasar Sudan. A wannan shekara aka yarda da gina hanya daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, tsawonta mil 356, faɗinta ƙafa 3 da inci 6. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi sosai don kaya da fasinja a 1912. A shekarar nan kuma aka haɗe shi da hanyar da ta taso daga Ikko ta Badun da Jebba, suka zama hukuma guda. Tafiyar da ayari yakan yi makonni yana yi, ta koma ta 'yan kwanaki.

Niyyar Girouard ita ce a isa Kano da gaggawa, da kuɗi kaɗan. Wanda ya dubi taswira zai ga abin da wannan niyya ta haifar. Daga Zariya hanya ta miƙe arewa maso gabas ta Likoro da Gimi, ta shiga ƙasar Kano wajen Ɗangora, ta wuce Madobi, ta haye kogin Calawa. Ba ta yi nisa da tsohuwar hanyar fatake da ta bi ta Bebeji ba. Rano kuwa tana gabas, kogin Kano ya gitta tsakaninta da dogo. Da an ce a karkata zuwa gare ta, da an ƙara tsawo an ƙara gada, ba kuwa abin da masu aikin suke so ke nan ba. Haka ɗaya daga cikin Hausa Bakwai ta tashi ba tasha, ƙauyukan da ba su da labari a tarihin sarauta suka samu.

Ba da son rai talakawa suka yi aikin ba. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane, kowace gunduma da adadinta, su yi makonni suna haƙa suna ɗaukar ƙasa a kwando, sa'an nan a sake su a kawo wasu. Irin wannan ɗiba ce Hausawa suka kira diban gwamna. Ana biyan leburori da kuɗin ƙarfe, wannan kuwa ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa sule da kwabo a ƙasar da ta saba da wuri. A daidai shekarun nan ne aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumominsu, aka kuma fara matsa wa a biya haraji da kuɗin Turawa. Manomin Rano bai ga jirgi a ƙofar gidansa ba, amma ya ga mai karɓar haraji, mai karɓar haraji kuwa sule yake so.

Abin da ke cikin ƙaramar tasha

Turawa auduga suka sa rai dogo zai kwaso. Ƙungiyar masu masaƙu ta Ingila, wadda aka kafa a 1902 don bunƙasa noman auduga a ƙasashen da suke mulki, ta ɗauka ƙasar Hausa za ta ciyar da injunan Lankasha. Lissafin bai fita ba. Masaƙan Kano suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature zai iya biya, manomi kuwa ba ya kai kayansa inda za a taya shi da araha. Gyaɗa ce ta amsa kira. A Turai an gano yadda za a daskarar da man tsirrai a yi abin shafa wa burodi da sabulu, sai kasuwar gyaɗa ta buɗe. Ga shi kuma gyaɗa abinci ce, in ciniki ya ƙi a ci, ba kamar auduga ba. A 1912 abin da Nijeriya ta fitar bai kai tan 3,000 ba. A 1913 ya wuce tan 19,000.

Kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ba, saboda haka suka jingina da fataken goro waɗanda suka san hanya suka san mutane. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, maƙwabciyar Rano, wanda ya rasu a 1955. Attajiri yakan karɓi kuɗi daga kamfani ya rarraba wa yaransa, su kuma su ba 'yan baranda, su bi kasuwannin ƙauye suna awo, wani lokaci ma su ba da kuɗi tun gyaɗa tana ƙasa. Mata su ɓare, a ɗura a taiki ko mangala, a aza wa jaki. Daga Rano ko Kibiya sai a nufi birni, ko a haye kogi a nufi tashar da ta fi kusa. A nan nisa yake cin manomi: ladan jaki da na mai kora daga cikin kuɗin gyaɗarsa suke fita, don haka wanda gonarsa take bakin dogo ya fi shi samu a kan mudu ɗaya.

Ita kanta tashar ba wani babban gini ba ce. Dogon layi ɗaya ne, saboda haka dole a sami wuraren da jirgi zai raɓe wani ya wuce, wannan ne asalin yawancin ƙananan tashoshi. Injin tururi kuma ba ya tafiya sai da ruwa da kwal, ga tanki a kan ƙafafu, kwal kuwa tun daga Inugu ake kawo shi bayan an fara haƙarsa a 1915. Akwai ɗakin shugaban tasha da wayar tangarahu, da tagar sayar da tikiti, da gidajen ma'aikata a jere. Can gefe ga filin kantuna, inda akawun kamfani yake zaune gaban sikeli, buhuna a jibge an lulluɓe da tamfol. Yawancin akawuna da ma'aikatan jirgi a farkon zamanin mutanen kudu ne, don su suka riga shiga makarantar boko. A bakin tasha ne manomi da yawa suka fara jin Yarbanci da Ibo da Ingilishin bariki.

Dogo bai kawo alheri tsantsa ba, bai kuwa kawo sharri tsantsa ba. Damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, daidai lokacin da mutane suka fara rage gonar hatsi don gyaɗa. A yunwar 1927 kuwa, hatsin da aka kawo a buhuna ya sa aka yi mata laƙabi da Mai Buhu. Hanyar da ta fitar da amfanin ƙasa ita ce ta shigo da ceto. Mai zanen da ya zauna a Madobi da kaka, ya zana jakuna da sikeli da buhuna, da ya zana tarihin Rano ke nan, ko da garin bai fito a takardarsa ba.

Abin da masu zane suka zaɓa

Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro ya daskare. Mai zane yakan jiƙa burushi ya ɗebo ya shafa a takarda. Ruwa ya bushe, ƙaro ya riƙe launin. Ba ya rufe takarda ruf kamar fentin mai, farin takardar ne yake haskowa ta ƙarƙashi, shi ya sa ya dace da hazon hunturu da hasken rana. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, ga saurin bushewa, don haka matafiya suka fi son sa. Abin lura a nan shi ne, wannan haɗi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da ƙaro malamai suke haɗa tawada, da tawada mai launi kuma ake yi wa allo zayyana ran saukar karatu. Ƙaron dakwara yana cikin kayan da jirgi ya riƙa ɗaukowa daga Nguru bayan an kai dogo can a 1930, ya ratsa Calawa da Madobi da Ɗangora da shi zuwa bakin teku.

A Turai jirgin ƙasa ya shiga zane tun yana sabo. Turner ya zana jirgi yana keta ruwan sama a kan gada a 1844, Frith ya zana cincirindon wata babbar tashar Landan a 1862, Monet ya zana wata tashar Faris sau 12 a 1877. A Amurka Edward Hopper ya yi ta zanen dogo da gidajen da ke bakinsa a ƙananan garuruwa, wasu da fentin mai wasu da na ruwa. Su a wurinsu jirgi abin gida ne, tarihinsu ne.

Baturen da ya zo ƙasar Hausa kuwa abin da babu a garinsu yake nema. Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya hau Dala ya zana birni. Wani mai zane, Bernatz, ya gyara zanen ya sa masa launi, ya fito cikin littafinsa a 1857. Tun daga nan idon baƙo ya saba da ganuwa da soro da marina da mahayin doki mai lifidi. Tasha mai rufin kwano ba ta burge wanda ya baro dubunta a gida. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 ta koya wa 'yan Kano riƙe fensir da ma'auni, amma zanen da hukuma take bukata shi ne taswira da awon gona don yanka haraji. Kenneth Murray, wanda ya zo koyar da zane a 1927, ya fi ƙarfafa wa almajiransa su zana zaman ƙauye da sana'o'in gargajiya. Aka nuna aikin biyar daga cikinsu a Landan a 1937.

Sashen koyar da zane ya dawo Zariya daga Badun a 1955, a 1958 kuma ɗalibansa suka kafa ƙungiyarsu wadda ta yi suna, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Jimo Akolo. Zariya mahaɗar dogo ce, Okeke ma a Kafancan ya tashi, garin da jirgi ya raya. Amma lokacin neman mulkin kai ne, hankalinsu yana wajen tono abin da kakanni suka bari, su haɗa shi da dabarun zamani. Akolo, ɗan Jihar Arewa, da zanen mahaya da makaɗa aka fi saninsa. Ba laifi ba ne a gare su, kowane zamani da tambayarsa.

Hoton da ya wakilci ƙasar Kano a idon duniya shi ne dalar gyaɗa. Gyaɗa ta fito a kan sarki na 1953, cikin jerin da Bafaranshe Maurice Fievet ya zana, dalar buhuna kuma tana bayan takardar naira 200 da aka fitar a 2000. Akan ce dala guda takan ci buhu 15,000. Mutane suna ɗaukarta alamar yalwa, haka ne kuwa, amma tana da wata fassara. Gyaɗa ta taru ne domin jirgi ya kasa kwashe ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injuna sun tsufa, taragu sun yi kaɗan, sai amfanin bana ya tarar da na bara a ƙasa. Dala hoton ƙarshen hanya ne. Farkonta yana gonakin Kibiya da bakin sikelin ƙananan tashoshi. Magina da masu shafen bango na Zariya da Kano, waɗanda Kirk-Greene ya yi ɗan littafi a kan aikin irinsu a 1963, su ne suka fi saurin karɓar kayan zamani: sun sa keke da mota da jirgin sama a fuskar zaure. Sai dai aikinsu a jikin ƙasa yake, 'yan damina kaɗan suke shafe shi.

Hoton da harshe ya ajiye

Abin da burushi ya tsallake, baki ya riƙe. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya ga aikin dogo da idonsa, a ƙasarsa aka ɗebi mutane, ya kuwa tsara Waƙar Diga a kansa. Samun irin wannan shaida daga bakin sarkin da aka yi abin a gabansa ba ƙaramin abu ba ne, don takardun hukuma mil da fam suke ƙidaya, ba su cika faɗin yadda abin ya zauna a zukatan mutane ba. Sunan waƙar ma darasi ne. Diga kayan haƙa ne da Bature ya kawo, sunan daga Ingilishi yake, sai kayan aiki ya ba aikin duka sunansa.

Kalmomin tasha iri biyu ne. Akwai waɗanda Hausa ta ɗauko daga rumbunta ta faɗaɗa ma'anarsu. Jirgi dā na ruwa ne kaɗai. Da sabon abu ya zo mai ɗaukar mutane da kaya a cikinsa, sai aka ce jirgin ƙasa, daga baya aka sami jirgin sama. Dogo siffa ce, aka mai da ita suna. Akwai kuma na aro: tasha, tikiti, fasinja, tarago, wagunu, gadi, lebura, heluma, sikeli, kanti, tamfol, reluwe. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda Malam Mahmudu Ƙoƙi ya taimaka wajen haɗa shi, ya tarar da aron irin wannan ya riga ya zauna a bakin mutane.

Siffar kalma takan nuna hanyar da ta biyo. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere. In ta ari irin wannan kalma, yawanci takan cusa wasali tsakaninsu, kamar yadda ta yi a sikeli da sukurudireba. Amma a tasha da titi, baƙin farko aka yar gaba ɗaya. Masana harshe suna ganin irin waɗannan ba daga bakin Bature Bahaushe ya ji su ba, sun biyo ta bakin mutanen kudu ne, waɗanda suka riga suka sassaƙe su. Akawu kuwa kalmar Yarbanci ce ɗungum. Ashe ko ba a zana ma'aikatan tasha ba, muryarsu tana nan cikin kalmar. Haka sunayen kuɗin da aka ƙirga a gaban sikeli: anini, kwabo, taro, sisi, nai, sule, fam. An canja kuɗi zuwa naira a 1973, amma har yau wanda ba shi da kome yakan ce ba shi da ko sisi.

Tasha kuma ta yi 'ya'ya. Daga ta jirgi aka sami ta mota, da ta rediyo, da ta jiragen ruwa. Aka sami ɗan tasha, watau yaron da ya tashi ba kwaɓa. Wannan kalma ita kaɗai ta isa ta nuna yadda dattawan ƙauye suka ɗauki wurin: inda baƙi suke taruwa, kuɗi yana yawo, ba mai unguwa ba liman, yaro ya fita daga idon iyayensa.

Bayan jirgi ya yi sanyi

Mota ce ta fara rage wa ƙaramar tasha daraja. Da hanyoyi suka kyautatu, sai masu saye suka kai sikelinsu garuruwan da ba dogo, babbar mota ta ɗauka kai tsaye zuwa birni. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, aka fara kawo injuna masu shan man dizal, tankin ruwa ya soma zama ba aiki. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata da yawa 'yan asalin gabas suka bar Arewa. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya nomanta don fitarwa, dala ta ɓace, a 1986 aka rushe hukumomin ciniki. A wannan tsakani aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan kogin nan da ya raba Rano da dogo. Noman rani ya kafu a Kadawa da Kura da Bunkure, tumatir da shinkafa da alkama kuwa a mota suke tafiya. Matafiyi na yau ya san Kwanar Ɗangora ta kan titin Zariya. Kaɗan ne suke tuna tashar.

A Yuli 2021 aka aza harsashin sabuwar hanyar jirgi daga Kaduna zuwa Kano, faɗinta milimita 1,435, alhali na tsohuwa 1,067 ne. Jirgin wannan ba ya hawa dogon waccan. Ginin da aka daina amfani da shi kuwa, an san makomarsa: gara ta ci katako, iska ta ɗauke kwano, a wayi gari sai tushe.

Ingila ta taɓa fuskantar irin wannan. A 1940, ana tsakiyar yaƙi, aka aika masu zane lardi lardi su zana gine-gine da kasuwanni da ƙauyukan da ake tsoron za su salwanta. Suka tara hotuna fiye da 1,500, yawancinsu na fentin ruwa, suna nan ajiye a Landan. Da rahoton Beeching na 1963 ya lissafta tashoshi 2,363 da za a rufe, mutanen garuruwa da yawa suka tashi suna zana nasu suna ɗaukar hotonsu kafin a rushe. Na'urar ɗaukar hoto tana da amfaninta, yau ma tana aljihun kowa. Fifikon mai zane shi ne daɗewa: yakan wuni uku a wuri ɗaya, tsofaffi su zo su tsaya a kansa, wannan ya ce nan sikeli yake, wancan ya ce nan ake ɗaure jakuna. Sai a tashi da hoto da labari tare.

Kayan aikin duk suna nan kusa. Akwai sashen zane a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai masu nazarin Hausa da tarihi a Jami'ar Bayero, akwai takardun lardin Kano a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa inda za a rataye abin da aka samu. Masarautar Rano, wadda dokar 2024 ta haɗa mata Rano da Kibiya da Bunkure, tana da hakki a cikin wannan aiki ko da tashoshin ba a ƙasarta suke ba, don gumin talakawanta ne ya cika taragun. Waɗanda suka kora jakai zuwa bakin sikeli suna samari a shekarun 1950, yau sun haura tamanin. In ana so a zana tashar yadda take sa'ad da take raye, su za a tambaya, kuma ba su da yawa.